Ganga: Kogin Da Masoyansa Suka Yi Wa Yawa

Tun da jijjifi, kafin gari ya waye sosai, tsofaffin lungunan birnin Banaras na ƙasar Indiya sukan cika da takun sawu. Maza da mata, yaro da babba, kowa riƙe da 'yar butarsa ta tagulla, duk sun nufi gabas, inda lungunan suka ƙare a kan manyan matakalai na dutse da suka gangara har cikin ruwa. A nan mutum zai shiga kogi iya ƙugu, ya fuskanci rana tana ɓullowa daga wancan ƙetare, ya kamfaci ruwa da tafin hannu biyu ya ɗaga sama, sa'an nan ya nutse ya taso. Can gefe masu wanki na buga tufafi a kan dutse, 'yan kwalekwale na kiran fasinja, gaba kaɗan kuma hayaƙi ne ke tashi daga inda ake ƙona gawa.

Wannan shi ne kogin Ganga, wanda Turawa ke kira Ganjis. Duk wanda ya daɗe yana kallon finafinan Indiya ya sha jin sunansa, ya kuma sha ganinsa a majigi, domin har wani shahararren fim Raj Kapoor ya fitar a 1985 mai suna Ram Teri Ganga Maili, wanda ke kuka da yadda kogin ya ƙazantu. Tsawonsa kimanin kilomita 2,500 ne, watau bai kai kogin Kwara ba, amma mutanen da ke zaune a ƙasar da yake shayarwa sun haura miliyan 400. Mabiya addinin Hindu kuwa ba su ɗauke shi kamar sauran koguna ba. Uwa suke ce masa, kuma a imaninsu wanda ya yi wanka a cikinsa ya wanke zunubansa. Saboda haka manyan wuraren ziyarar ibadarsu suna jere a gaɓarsa tun daga mafari har teku, kuma waɗannan wuraren su ne baƙi masu yawon buɗe ido ke tururuwar gani. Sai dai yawan masoyan nan ya zama kaya mai nauyi a kan kogin da duwatsun da suka haife shi.

Bakin Saniya

Mafarin Ganga yana can cikin duwatsun Himalaya, a jihar Uttarakhand da ke arewacin Indiya. A nan akwai wata tsohuwar ƙanƙara da ta daskare tun zamanin da, mai tsawon kusan kilomita 30, wadda ake kira Gangotri. Daga ƙarƙashinta ruwa ke tumbatsowa ta wani kogo, a tsayin kusan mita 4,000 bisa teku. Sunan kogon Gaumukh, watau bakin saniya. Mota ba ta zuwa wurin. Iyakarta garin Gangotri, daga nan sai tafiyar ƙasa ta kimanin kilomita 18 ta gefen kwazazzabai, ga tsaunuka farare fat sun yi wa matafiyi rumfa dama da hagu. Hukuma ta ƙayyade cewa mutum 150 kaɗai za a bari su bi wannan hanya a rana.

Mabiya Hindu suna da labarin da suke bayarwa game da asalin kogin. Sun ce da can a sama yake, sai wani sarki mai suna Bhagiratha ya yi shekaru yana azabtar da kansa da ibada yana roƙon a sauko da shi, don ya wanke tokar kakanninsa su dubu 60, 'ya'yan sarki Sagara, waɗanda wani mai gudun duniya ya ƙone da fushinsa. Da kogin ya tashi saukowa, aka ji tsoron ƙarfinsa zai tarwatsa ƙasa, sai abin bautarsu Shiva ya tare shi da sumar kansa, ya riƙa sakinsa kaɗan-kaɗan. Dalilin da ya sa ke nan ake kiran rafin farko Bhagirathi. Sai ya gangaro garin Devprayag, ya haɗu da kogin Alaknanda, sa'an nan sunansa ke komawa Ganga.

Ɗakin ibadar da ke garin Gangotri wata shida kawai yake buɗe a shekara. Da sanyi ya kawo kai, wajen Oktoba ko Nuwamba, sai a rufe ƙofa a sauko da gunkin zuwa ƙauyen Mukhba, ba za a mai da shi ba sai Afrilu ko Mayu. Ƙanƙarar da kanta kuwa tana ja da baya. Masana sun auna sun ga daga 1935 zuwa 2022 ta ja fiye da kilomita ɗaya da rabi, saboda ɗumamar yanayi. Ke nan wurin da jika ke tsayawa ya ɗebi ruwa yau, a zamanin kakansa ƙanƙara ce ta rufe shi.

Abin da ya faru a Kedarnath

Gangotri ɗaya ce daga cikin wurare huɗu da ke cikin waɗannan duwatsu, waɗanda kowane mai bin Hindu ke burin zagayawa ko da sau ɗaya a rayuwarsa. Sauran su ne Yamunotri da Badrinath da Kedarnath, kuma a haɗe ana ce musu Char Dham. Kedarnath ta fi wuyar zuwa. Ɗakin ibada ne na dutse, a tsayin mita 3,583, a bakin rafin Mandakini, kuma daga inda mota ta tsaya sai an hau tudu na kimanin kilomita 16. Mai ƙarfi ya taka da ƙafa, mai hali ya hau alfadari ko jirgin sama mai saukar ungulu, tsofaffi kuwa a kan kujera mutum huɗu ke ɗaukarsu, ko a goya su cikin kwando.

A zamanin da, wanda zai yi wannan tafiya sai ya yi sallama da iyalinsa sallamar da babu tabbacin komowa. Da aka yi hanyoyi, jama'a suka ƙaru, sai masaukai da kantuna suka yi ta tsirowa har a cikin kwarin rafin kansa. A ranakun 16 da 17 ga Yuni 2013 aka yi ruwan sama kamar da bakin ƙwarya, wani tafki da ke bisa garin mai suna Chorabari ya fashe, ruwa da laka da manyan duwatsu suka gangaro suka share garin. Mutanen da suka mutu ko suka ɓace a jihar sun haura 5,000, akasarinsu masu ziyara. Ɗakin ibadar bai faɗi ba, domin wani ƙaton dutse ya gangaro ya tsaya a bayansa ya raba ruwan biyu. Yanzu dutsen nan ma ziyartarsa ake yi.

Wannan masifa ba ta rage yawan jama'a ba. A 2023 waɗanda suka je Kedarnath sun kusa miliyan biyu cikin wata shida. Gwamnati ta fara aikin faɗaɗa hanyoyi na kimanin kilomita 900 don haɗa wuraren huɗu tun 2016, masana kuwa suna ta gargaɗi cewa duwatsun Himalaya ba su da ƙwari, in aka yi ta sararsu za su zabtare. A Janairun 2023 ɗaruruwan gidaje suka tsattsage a garin Joshimath da ke hanyar Badrinath saboda ƙasa na nutsewa. A Nuwamban shekarar wata hanyar ƙarƙashin dutse da ake haƙawa ta rufta, ma'aikata 41 suka yi kwana 17 a ciki kafin a fito da su da rai. A Agustan 2025 kuma ambaliya ta binne wani sashe na ƙauyen Dharali da ke hanyar Gangotri.

Inda kogi ya sauko fili

Bayan ya fito daga duwatsu, Ganga yana ratsa garin Rishikesh, ruwansa kore shar, mai sanyi, ana hango duwatsun da ke ƙasansa. Garin ya yi suna a duniya da makarantun koyar da yoga, musamman tun 1968 da mawaƙan nan na Ingila, The Beatles, suka je suka zauna a wata zawiya. Yau samari na zuwa daga ko'ina don tseren kwalekwalen roba a kan ruwa mai gudu, suna wucewa ta gaban tsofaffi masu gudun duniya da ke zaune shiru a bakin gaɓa.

Kimanin kilomita 25 gaba sai Haridwar, inda kogin ya shiga shimfiɗaɗɗiyar ƙasa. Kowace magariba dubban mutane na taruwa a matakalan da ake kira Har ki Pauri, malaman addinin na juya manyan fitilu ana kaɗa ƙararrawa, kowa kuma ya sayi ɗan kwanon ganye mai furanni da aci-bal-bal a tsakiya ya saki a ruwa, har kogin ya zama kamar sararin sama mai taurari. A garin akwai gidajen malamai da suka gaji wani aiki na musamman: rubuta asalin iyalai. Mai ziyara zai nemi malamin da ke riƙe da littafin gidansu, a buɗe masa ya ga sunayen kakanninsa da suka zo shekaru aru-aru, sa'an nan a rubuta nasa da na 'ya'yansa. A tsakiyar damina kuma, wajen Yuli da Agusta, miliyoyin samari sanye da tufafi ruwan goro sukan zo su ɗebi ruwa, su rataya tuluna a sanda kamar 'yan garuwa, su koma garuruwansu a ƙasa, wani tafiyar ɗaruruwan kilomita, ba tare da sun bar tulun ya taɓa ƙasa ba.

A Haridwar ne kuma ake fara tatsar kogin. Bayan yunwar da aka yi a 1837 zuwa 1838, wani injiniyan Ingila mai suna Proby Cautley ya haƙa babbar hanyar ruwa ta noman rani, aka buɗe ta a 1854. Har yanzu tana ɗauke kaso mai yawa na ruwan zuwa gonaki, ta yadda da rani abin da ke saura a kogin ba shi da yawa. Wannan ƙarancin ruwa na cikin abubuwan da ke sa ƙazantar da ake zubawa daga nan zuwa gaba ba ta samun abin da zai wanke ta.

Taron da ya fi kowane taro

A birnin Prayagraj, wanda ake kira Allahabad kafin 2018, Ganga ya haɗu da kogin Yamuna, wanda ya biyo ta Delhi da Agra, ta bayan ginin Taj Mahal. Mai kallo daga kwalekwale yana iya rarrabe ruwan biyu da ido, ɗaya ya yi ruwan ƙasa, ɗaya ya yi duhu-duhu. Mabiya Hindu sun ce akwai kogi na uku a ɓoye, mai suna Saraswati. A bakin mahaɗar akwai ganuwar da sarki Akbar ya gina a 1583. A wannan mahaɗa aka zuba wani sashe na tokar Mahatma Gandhi a 1948, da ta Jawaharlal Nehru a 1964.

A nan ake yin babban taron Kumbh Mela sau ɗaya a shekara 12. Garuruwa huɗu ne ke karɓarsa bi da bi: Prayagraj, Haridwar, Nashik da Ujjain, domin a labarinsu a waɗannan wurare ne ɗigon ruwan rai ya zuba daga wani tulu da aka yi faɗa a kansa. Bayan damina ta wuce ruwa ya janye, sai a gina birni guda na tantuna a kan rairayin da ya bari, da tituna da asibitoci da ofisoshin 'yan sanda, in taro ya watse a kwashe komai kafin ruwa ya dawo. Na 2025 ya ɗauki kwana 45, daga 13 ga Janairu zuwa 26 ga Fabrairu, a fili mai faɗin hekta 4,000, da gadojin wucin gadi 30 da bayan gida 150,000. Hukumomin jihar Uttar Pradesh sun ce mutum fiye da miliyan 660 ne suka yi wanka, ko da yake waɗansu masana na ganin an ƙirga mutum ɗaya fiye da sau ɗaya.

Irin wannan cinkoso ba ya rasa haɗari, domin kowa so yake ya yi wanka a wuri ɗaya, a rana ɗaya, a sa'a ɗaya. A 1954 ɗaruruwan mutane suka mutu a turmutsutsu. A 2013 mutum 36 suka halaka a tashar jirgin ƙasa ta birnin. Da asubahin 29 ga Janairu 2025, ranar da ta fi kowace daraja a wurinsu, jama'a suka karya shinge suka tattake waɗanda ke kwance a bakin ruwa suna jiran gari ya waye, hukuma ta ce aƙalla mutum 30 ne suka rasu.

Birnin da ake zuwa don a mutu

Banaras, wanda a hukumance ake kira Varanasi, mabiya Hindu kuma ke ce wa Kashi, yana cikin tsofaffin biranen duniya da ba a taɓa daina zama a cikinsu ba. A nan kogin ya yi kwana ya fuskanci arewa, birnin kuma ya jeru a gaɓar yamma, da matakalai fiye da 80, bisansu fadoji da ɗakunan ibada da sarakunan Indiya daban-daban suka gina. A imanin Hindu mutum na mutuwa a sake haihuwarsa, ya yi ta zagaye, amma wanda ya mutu a Kashi ya huta da wannan zagaye har abada. Saboda haka akwai gidajen da tsofaffi ke kama ɗaki su jira ajali, kuma daga nesa ake kawo gawa a kan motoci. A matakalan Manikarnika da Harishchandra wuta ba ta mutuwa dare da rana. Wata ƙabila da ake kira Dom ce ta gaji aikin ƙonawar, kuma ko da yake an ɗauke su a matsayin mafi ƙasƙanci cikin al'umma, ko ɗan sarki ne ya mutu sai daga hannunsu za a karɓi wutar.

Babban ɗakin ibadar birnin shi ne Kashi Vishwanath, wanda sarauniya Ahilyabai Holkar ta gina a 1780, daga baya sarkin Punjab Ranjit Singh ya ba da zinariyar da aka lulluɓe hasumiyarsa. Bango ɗaya ya raba shi da masallacin Gyanvapi, wanda aka gina bayan da sarki Aurangzeb ya ba da umarnin rushe tsohon ɗakin ibadar a 1669, kuma tun 1991 ake kai ruwa rana a kotu a kan wannan fili. A Disamban 2021 aka buɗe wata faffaɗar hanya daga ɗakin ibadar zuwa kogi, bayan an rushe ɗaruruwan tsofaffin gidaje.

Duk da haka Banaras ba na mabiya Hindu kaɗai ba ne. Fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na mazaunansa Musulmi ne, kuma akasarin masaƙan da ke saƙa lufayar siliki mai zaren zinariya, wadda amaren Indiya ke alfahari da ita, daga cikinsu suke. Ustaz Bismillah Khan, wanda ya fi kowa shahara da busa shehnai, 'yar'uwar algaita, Musulmi ne da ya yi rayuwarsa a birnin, a bakin kogin ya koyi busa, ya rasu a 2006. Kilomita 10 daga birnin kuma akwai Sarnath, inda Buddha ya yi wa'azinsa na farko, inda kuma aka tono ginshiƙin sarki Ashoka mai kawunan zakuna huɗu da ya zama tambarin ƙasar Indiya.

Tsarki da tsabta

Mai bin Hindu zai ce ruwan Ganga mai tsarki ne, babu abin da ke ɓata shi. Likita kuwa zai ce ba shi da tsabta. Maganganun biyu ba kan abu ɗaya suke ba, kuma a tsakaninsu matsalar kogin take. Yawancin ƙazantar ba daga masu wanka ko furanni ko toka take fitowa ba. Daga magudanan bayan gida na biranen da ke gaɓa take, waɗanda suka daɗe suna kwarara cikin kogin ba tare da an tace su ba, sai kuma dagwalon masana'antu, musamman na majemar birnin Kanpur mai ɗauke da guba.

Wanda ya fi kowa fahimtar wannan shi ne Veer Bhadra Mishra. Shi ne shugaban ɗakin ibada na Sankat Mochan a Banaras, muƙamin da ya gada, kuma shi ne shaihun malami a fannin injiniyan ruwa a jami'ar birnin. Da safe ya yi wanka a kogi kamar kowane mai imani, da hantsi kuma ya duba sakamakon gwajin ruwan, wanda ke nuna masa cewa ƙwayoyin cutar da ke ciki sun ninka abin da aka yarda da shi nesa ba kusa ba. A 1982 ya kafa wata ƙungiya don tsabtace kogin, ya yi ta fafutuka har ya rasu a 2013. Wani injiniyan, G. D. Agrawal, wanda ya koma mai gudun duniya a tsufansa, ya ƙaurace wa abinci kwana 111 yana neman a dakatar da gina madatsun ruwa a kuma yi dokar kare kogin, har ya mutu a Oktoban 2018.

Gwamnati ma ba ta zauna ba. A 1986 Firayim Minista Rajiv Gandhi ya ƙaddamar da shirin farko a Banaras. An gina matatu, an kafa injin ƙona gawa na lantarki, har kififiya masu cin nama aka saki a ruwa don su cinye ragowar gawarwaki. Amma matatun sukan tsaya in wuta ta ɗauke, birane kuma suka yi ta girma fiye da ƙarfinsu. A 2014 gwamnatin Narendra Modi ta kawo sabon shiri mai suna Namami Gange, aka ware masa rupi miliyan dubu 200. An ƙara matatu da yawa, an toshe waɗansu manyan magudanai, amma aiki bai ƙare ba. A Fabrairun 2025, ana tsakiyar taron Kumbh Mela, hukumar hana gurɓata muhalli ta tarayya ta ba da rahoton cewa ƙwayoyin bayan gida a waɗansu wurare na mahaɗar sun wuce ƙa'idar ruwan wanka. Babban ministan jihar ya musanta, ya ce ruwan lafiyarsa lau, jama'a kuwa suka ci gaba da wankansu.

Zuwa teku

Daga Banaras kogin ya wuce ta Patna, ya isa madatsar Farakka da aka buɗe a 1975, wadda ta daɗe tana jawo cece-kuce tsakanin Indiya da Bangaladash har suka ƙulla yarjejeniyar rabon ruwa ta shekara 30 a 1996. Babban reshe ya shiga Bangaladash da sunan Padma, ƙaramin kuma ya bi ta Kalkata ya faɗa teku a tsibirin Sagar. A nan ne, a cewarsu, tokar 'ya'yan sarki Sagara ta kwanta har ruwan ya iso ya wanke ta, saboda haka a tsakiyar kowane Janairu dubban ɗaruruwan mutane ke tsallakawa a jiragen ruwa don yin wanka na ƙarshe. Ɗakin ibadar da ke wurin ba shi ne na asali ba. An sha sake gina shi ana matsawa ciki saboda teku na cin gaɓa, kuma na yanzu ma igiyar ruwa na ƙara kusantarsa shekara bayan shekara.